Har Yanzu a Saman Tirela Muke, Yaya Haliru

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haliru, wanda mutanen Ƙofar Kware suka fi sani da Sarkin Tasha. Ba naɗa shi aka yi ba, tsiya ce aka yi masa. Sakkwato ba ta da tashar jirgin ƙasa, ba ta taɓa yi ba, layin dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya tun kafin a haife mu, shi kuwa Yaya ba shi da zance sai na jirgi. Shi ne 'yan kara, wato kasuwarmu ta dabbobi, suka laƙaba masa sunan don su sami abin dariya. Ya karɓa hannu bibbiyu. In an ƙwala masa kira da shi a tsakiyar kasuwa sai ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa, har masu tsokanar su rasa ta cewa. Ni dai ban taɓa son sunan nan ba, kuma har yau in na ji shi a bakin wasu raina ɓaci yake yi.

Fataucin shanu muka gada. Mu sayo a Illela da Acida da kasuwannin ƙauye, mu tara a kara, mu kai kudu. Mahaifinmu ya yi zamanin da ake kora shanu a ƙasa har Ƙaura, a loda su cikin taragu, jirgi ya ja su zuwa Ikko. Yaya ya riski ƙarshen wannan zamani yana saurayi, ya bi Baba ya ga komai da idonsa. Ni ban samu ba. Kafin in isa a tafi da ni, harkar jirgi ta fara sukurkucewa, tireloli sun karɓe hanya. Abin da na sani na jirgi a bakin Yaya na ji shi: cewa a tarago saniya tana tsaye da ƙafarta, jirgi ba ya faɗawa rami, ba ya kauce wa kowa, ba ya taka burki kwatsam, in an tsaya a tasha a ba dabbobi ruwa, mai rakiya kuma ya sauka ya yi alwala ya yi sallarsa a natse.

Bari in yi wa wanda bai san sana'armu ba bayani, don in bai gane wannan ba ba zai gane sauran ba. In ka ga tirelar shanu ta wuce da mutane zaune a can sama bisa katako, kada ka ɗauka kuɗin mota suke gudu. Aiki suke yi. Shanun nan a cushe suke, an ɗaure su da igiya. Da mota ta faɗa rami ko direba ya taka burki, sai wata ta durƙusa, in ta durƙusa kuwa sauran tattake ta za su yi, kafin a kai gari na gaba ta zama mushe. Dole wani ya zauna a sama ya zuba ido. Da ya ga ta faɗi sai ya dira cikinsu, mota na gudu, ya ratsa tsakanin ƙahoni, ya murɗa mata wutsiya ya ja igiya har ta miƙe, sannan ya sake hawa. Haka ake yi tun daga nan har Ikko, cikin rana da ruwan sama.

Yawancin fatake samari suke ɗauka haya su yi musu wannan aiki. Gidanmu ba a yi. Baba ya kafa doka tun muna yara: in dabbar gidan nan za ta kudu, ɗan gidan nan ne zai raka ta, domin bai yarda mutum ya ɗora ɗan wani a inda yake tsoron ɗora nasa ba. A zamanin jirgi dokar ba ta da nauyi, yawon buɗe ido ne ma. Da tirela ta zo sai ta zama wani abu daban, amma ba wanda ya ce a janye ta. Yaya ya ɗauke mini ita gaba ɗaya. Ya ce in tsaya a kara tunda na fi shi iya ciniki, wanda ni da shi mun san ba gaskiya ba ne. Ya yi ta hawa har gemunsa ya yi fari.

To kun ga zancen jirginsa ba wasan yara ba ne. Amma kada in yi masa ƙarya, ba lissafin sana'a kaɗai ba ne, son abin yake yi tsakani da Allah. Kowace Juma'a bayan la'asar akwai majalisa a zauren gidanmu, ta masu irin ciwonsa. Babban abokin gardamarsa Malam Attahiru ne, tsohon malamin makaranta da ya yi karatu a Zariya, ya hau jirgi a lokacin, ya kamu. Akwai wani tela daga wajen Hubbare da wasu 'yan tsiraru. Sai Yaya ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya ja layi daga Ƙaura, a shiga musu. Malam Attahiru ya ce ta Talatar Mafara ya kamata dogo ya biyo, ta fi miƙewa. Yaya ya ce ta Shinkafi da Isa, don nan dabbobi suke, kuma a zarce har Illela. Wallahi na ga ranar da dattawan nan biyu suka tashi ba sallama saboda gefen garin da za a gina tashar da ko tubali ɗaya ba a aza ba. Yaya ya rantse in aka bar wa Malam Attahiru zaɓi, a tsakiyar ofisoshin Sama Road zai dasa ta don masu riƙe da jaka su ji daɗi. Juma'ar da ta biyo suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya.

Da rana tsaka abin ya faru, gaba da Kontagora. Waɗanda ke tare da shi sun ce wata jar saniya ce ta durƙusa, ya dira don ya tashe ta. Yana ciki wata mota ta yo kansu, direba ya kauce, tirela ta kwanta. Na sama ta watsar da su, suka sha da karaya. Shi yana tsakiyar shanu. Mutanen wani ƙauye da ke bakin hanya, Allah ya saka musu da alheri, su suka yi masa sutura. Kafin in isa an gama, na tarar da ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Ban ga fuskarsa ba, matarsa Hajiya Luba ba ta gani ba, ɗansa Mu'azu, wanda a lokacin yake makarantar sakandare, bai gani ba.

A wajen zaman makoki wani dillali ya ce, Allah Sarki, Sarkin Tasha ya tafi bai ga jirginsa ba. Da ɗan murmushi ya faɗa. Na ƙyale shi don wurin ba na faɗa ba ne, amma yau ina da fili, bari in ba shi amsa, shi da ire-irensa. Mutumin da kuka yi shekaru kuna yi wa dariya, abin da yake faɗa muku shi ne hanyar nan tana cin mutane. Ta ci shi a gabanku, kuma ko a ranar ba ku ji kunya ba.

Bayan an share makoki na hau. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana. Dokar Baba tana nan, Mu'azu yaro ne, ni ne na rage. Tun daga lokacin duk lodin gidanmu ni nake bi. Na kusa sittin yanzu. Gwiwata ta hagu in na dira cikin shanu sai na cije leɓe, kuma samarin da ke hawa tare da ni, yaran sauran fataken da muke haɗa mota da su, sun fara riga ni dira don su rufa mini asiri. Ina gani, ina kuma yi kamar ban gani ba.

Cikin shekarun nan tara duniyar jirgi ta motsa, ba zan musa ba. A Ikko an fara tafiya da jirgi mai aiki da lantarki. Ana shimfiɗa dogo daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi. Kullum kuma muna jin labarin sababbin layukan ɗaukar kaya da ake shiryawa, wani lokaci a ce Sakkwato na cikin zane, wani lokaci a yi shiru. Majalisarmu ba ta mutu ba, ta ma ƙaru. Samari sun shigo, sun daina zane a ƙasa, a waya suke nuna mana. Su san ƙarfin injin wannan, su san faɗin dogon wancan, su yi ta musu ko sabon layi ya kamata a yi masa turakun lantarki tun daga farko ko a fara da dizil. Malam Attahiru, wanda yanzu sai an riƙe masa waya dab da hanci, ya zama ɗan gaba-dai-gaba-dai na lantarki. In ka ce masa dizil kamar ka zage shi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana nan. Na san shi. Zai karɓi wayar ya kalli jirgin lantarkin nan har ƙarshe, ya ce a maimaita, a sake maimaitawa. Zai yi mamakin yadda yake tashi ba hayaƙi ba ruri, ya yi ta kaɗa kai yana salati. Ba zai shiga sahun masu cewa wutar da ba ta iya riƙe fanka, ba ita za ta ja jirgi ba, don irin wannan dariyar ita aka yi masa har ya mutu, ya san ɗacinta. In ya gama jin daɗinsa sai ya miƙa wa mai waya abarsa, ya tambaya a hankali ina taragun shanu. Za a ce masa wannan na mutane ne, na kaya yana tafe. Sai ya ce to madalla, a sake share ƙasa.

Ni ba ni da haƙurinsa, don haka nawa zancen ba a hankali zan yi shi ba. An ce mana Sakkwato ta yi nisa. Da can da aka kai dogo Ƙaura, kusa take? An ce ba kayan da jirgi zai ɗauka. Duk mai faɗin haka ya zo ya tsaya a hanyar Gusau ko ta Jega ya ga abin da ke fita daga garin nan: shanu, raguna, albasa, ƙirgi, hatsi, siminti, duk a bayan motocin da ke farfasa titi suna kifewa. Ya tambayi masu albasa yadda take ruɓewa in mota ta lalace a daji. An ce hanya ba tsaro, a bari sai ƙura ta lafa. Mu da ke zaune a fili a saman katako muna ratsa dazukan nan, an taɓa ce mana mu bari sai ƙura ta lafa? Ina murna da jirgin lantarki, Allah ya sa a yi shi ko'ina, masu zuwa ofis su zauna a kujera su sha iska. Amma naman da za su ci in sun sauka, su sani wani ne ya dira tsakanin ƙahoni ya tashe shi tsaye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana ya wuce cikar shekara. Mu'azu ya girma. Ya yi aure, yana da 'ya mace da ta fara tafiya. Shi ke riƙe mini ciniki a kara, kuma shi da gaske ya fi ni iyawa. Kwanan baya da hantsi sai ga Hajiya Luba a gidana. Matar nan tun rasuwar mijinta ba ta taɓa roƙona komai ba, ko wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji ta daina. Ta zauna a bakin tabarma ta ce ta ga sabuwar igiya da takalmin roba a ɗakin Mu'azu, kuma matarsa ta shaida mata ya ce lodin Sallah shi zai bi. Ba ta yi kuka ba. Ta kira sunana ta ce, "Sanda, na ba hanyar ga mutum guda. Ba ni ƙara ba ta wani."

Na ce mata na ji. Ban san yadda zan yi ba a lokacin, don na san yaron yana da hujja.

Ranar Juma'a ana tsaka da musun turakun lantarki sai ya shigo zaure. Ba ya cikin masu zama da mu, zancen jirgi ba ya burge shi, yana ganin shi ne abin da aka yi ta yi wa ubansa dariya a kai. Ya gaida dattawa ya durƙusa a gabana, na gane da gangan ya zaɓi gaban mutane don kada in kauce masa. Ya ce ya gaji da abin da ake faɗa a kara. Ana ce masa ɗan gata, mai zama a inuwa ya tura tsoho saman mota. Ya ce ko ba a faɗa ba shi kansa ba ya iya barci in na tafi, kuma in wani abu ya same ni ba zai taɓa yafe wa kansa ba. Sannan ya ɗaga kai ya dube ni.

"Baffa, dokar gidan ga ta ce ɗan gida ka rakiya. Ni ba ɗan gidan ga na ba?"

Malam Attahiru ya yi gyaran murya ya ce ai abin mai sauƙi ne, mu ɗauki samari haya kamar kowa, ba ni ba shi, a huta. Na ce masa samarin nan su ma uwaye suka haife su. In na hana ɗan Haliru hawa don ina tsoro, na ɗora ɗan wata talaka a madadinsa, da wane ido zan dubi Baba gobe kiyama? Ya janye maganarsa, don ya san Baba.

Na juya ga Mu'azu na ce, "Ɗan gida kake, kuma kai za ka raka shanun gidan ga. Amma cikin tarago. Ran da anka loda su ga jirgi nan Sakkwato, rakiya taka ta, ko tasha ba ni bin ka. Kafin nan ni ka hawa."

Ya ce, "In jirgin bai zo ba fa, Baffa?"

Na ce masa in ƙafata ta ƙi hawa jirgi bai iso ba, to fataucin kudu ya ƙare a gidanmu. Mu saya a nan mu sayar a nan, abin da Allah ya ba mu mu ci. Na ga yadda maganar ta dake shi, ni ma ta dake ni da na ji ta a bakina. Sana'ar kakansa ce, da ita aka gina zauren da muke zaune, da ita aka san sunan gidanmu daga Illela har Ikko. Ya tashi ya fita. Har yanzu fushi yake yi. Yakan zo gaisuwa da safe, amma a tsaye, ba ya zama. Uwarsa kuwa ta aiko mini da fura, abin da rabonta da yi tun Yaya na da rai.

Wasu sun ce taurin kai ne, na ce na yarda. Wasu sun ce ina wasa da raina, na ce rai na Allah ne, kuma na fi son in yi wasa da nawa da in yi da na yaron da 'yarsa ba ta gama koyon kiran sunansa ba. Akwai ma wanda ya ce ina jiran abin da ba zai zo ba, in farka daga mafarkin yayana. Wannan shi ne na fi ƙi. Ba mafarki ba ne a ce garin da ke ciyar da rabin ƙasa nama ya sami dogo. Ƙarfe ne da tsakuwa, an shimfiɗa wa wasu, mu ma mutane ne.

In na auna abin da Yaya ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai bar gini ba, kabarinsa ma yana bakin hanya a garin da ba namu ba. Amma ya bar zauren da samari ke cika duk Juma'a suna musu a kan jirgi ba tare da jin kunya ba, a garin da a da in ka ɗaga zancen sai a dube ka kamar taɓaɓɓe. Ya bar ɗa mai zuciyar da zai durƙusa a gaban mutane yana roƙon a bar shi ya hau abin da ya kashe ubansa. Ni kuma ya bar mini shekarun da ya zauna a saman katako ina ƙasa, kuma su nake mayar wa ɗansa yanzu. Allah ya jiƙan Haliru, ya yalwata masa makwanci a inda yake, ya haɗa mu da shi a inda ba tafiya ba rabuwa.

Ranar Litinin za a yi lodin Sallah a kara. Masu zana layukan dogo, masu ɗaga namu zuwa baɗi duk shekara, ina gayyatarku. Ku zo da hantsi, ku tsaya a gefe inda kashin shanu ba zai ɓata muku takalmi ba. Za ku ga wani dattijo mai furfura ya kama ƙarfen tirela yana jan ƙafar hagu yana hawa, da wani saurayi a ƙasa ya juya baya don ba ya iya kallo. Ni ne da ɗan yayana. Duk wanda abin ya ba shi tausayi, kada ya ce mini in sauko. Ya kawo jirgin, zan sauko da kaina.